Gari, Tsaki da Ƙura: Tambayoyi da Amsoshi kan Gwajin Kayan Masana'antu

Duk wanda ya daɗe a ɗakin gwaje-gwaje ya san tambayoyin masu kawo kaya ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. Mai haɗa taki, mai niƙa fulawa, mai buga bulo, mai ɗura garin kunu a leda, kowa da hajarsa, amma kukan kusan ɗaya ne: gari ya ƙi zuba, ko ya dunƙule, ko kuma takardar sakamako ta faɗi abin da bai gani a buhu ba. Ga waɗanda aka fi yi mini, na amsa su yadda nake amsawa a bakin benci.

Gari ai gari ne. Me ake gwadawa a cikinsa?

Abu biyu ne. Akwai tambayar me ke ciki: naitirojin nawa ne a takin, furotin nawa a fulawar, akwai dalma ko babu. Akwai kuma tambayar halinsa: yaya laushinsa, yaya danshinsa, zai zuba ta bakin mazurari ko zai tsaya, zai dunƙule bayan wata biyu a sito ko a'a. Mutane sun fi sanin ta farko, amma ta biyu ce ta fi tsayar da injin masana'anta. Gari abu ne mai wuyar sha'ani. Ka karkata kwano ya kwarara kamar ruwa, ka danne shi ya tsaya kamar dutse, ka hura shi ya tashi kamar hayaƙi. Abin da ke ciki bai canja ba, halin ne ya canja.

Nawa zan kawo, kuma daga ina zan ɗebo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, ita ce kuma aka fi raina wa. Na'urarmu ba ta ganin tirelarka. Giram biyu ko biyar take gani, wani lokacin ma ƙasa da haka. Idan ɗan abin nan bai wakilci buhu ɗari shida ba, ko da na'urar ta kai ta miliyoyi, amsar ɓata za ta bayar, ta bayar da ita kuma har da ɗigo biyu bayan lamba.

Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini taki a ledar biredi. Na tambaye shi inda ya ɗebo, ya ce yaronsa ne ya kwance bakin buhun da ya fi kusa da ƙofa ya sa hannu. Muka gwada, fotash, ɗaya daga cikin sinadaran takin, ya fito ƙasa sosai da abin da aka rubuta a jikin buhu. Ransa ya ɓaci, har ya fara maganar mayar da kaya. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a koma, a ɗebo daga buhu ashirin, sama da tsakiya da ƙasa." Da aka haɗa aka sake gwadawa, kayan ya fito daf da abin da aka rubuta. Ba wanda ya cuce shi. Ƙananan ƙwayoyin ne suka gangara gindin buhu a hanya.

Ƙa'idar da masana suka tsaya a kai, musamman bayan aikin Bafaranshen nan Pierre Gy a kan ɗibar samfur, mai sauƙin faɗa ce: ka ɗiba lokacin da kayan ke tafiya, a kan bel ko a bakin bututu, ka tare faɗin kwararar gaba ɗaya na ɗan lokaci, sau da yawa. Idan kayan ya riga ya shiga buhu, sai a yi amfani da ƙarfen nan mai rami da ake soka wa buhun hatsi a Dawanau, amma dogo, wanda zai ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. A haɗa abin da aka ɗebo. Sannan a rage shi, ba da cokali ba. Ko dai a zuba ta akwatin raba samfur mai ramuka da ke karkasa shi gida biyu, ko a tara shi tsibi a baje a raba gida huɗu, a ɗauki biyu masu fuskantar juna, a maimaita har ya koma kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya.

Ga garin masara da na gyaɗa abin ya fi tsanani, domin gubar afulatoksin ba ta bazuwa daidai. 'Yan ƙwayoyi kaɗan da suka yi fumfuna za su iya ɗauke da kusan duk gubar da ke buhun. Ka kuskure su, takarda ta ce lafiya lau.

Yaya ake auna laushi?

Da rariya, irin wadda ake tankaɗe da ita a gida, sai dai tamu an san girman idonta. Ana jera su hawa-hawa, mai manyan ido a sama, mai ƙanana a ƙasa, faranti a gindi. A auna giram 100, a zuba a ta sama, a ɗaura su a injin girgiza na minti goma zuwa sha biyar, sannan a auna abin da ya tsaya a kowace. Idan aka tara jimilla ta gaza abin da aka zuba da fiye da giram ɗaya ko biyu, an yi ɓari ko ido ya toshe, sai a sake.

Ma'aunin shi ne maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai yana kaiwa kamar maikiron 70. Rariya mai lamba 200, wadda ke da ido ɗari biyu a tsawon inci ɗaya, idonta maikiron 75 ne. Lura, idan lambar ta ƙaru idon raguwa yake yi, abin da ke rikita sababbin ma'aikata ke nan.

Ƙasa da maikiron 45 rariya ta fara gajiya, gari yana manne mata. Nan sai a koma ga na'urar leza. Ana watsa garin a iska ko a ruwa, a haska shi, manyan ƙwayoyi su karkatar da hasken kaɗan, ƙanana su watsa shi da faɗi, kwamfuta ta lissafa. Kada ka yi mamaki idan amsarta ta saɓa wa ta rariya. Ƙwaya mai tsawo kamar allura za ta iya ratsa idon rariya a tsaye, ita kuwa leza tana lissafa ta kamar mulmulalliya ce. Ka zaɓi hanya ɗaya da kai da mai sayen kayanka, ku tsaya a kanta.

Takin da na haɗa ya fito daidai a bakin injin, amma da aka gwada shi a kasuwa ya faɗi. Me ya faru?

Ka taɓa kallon mace tana bakace a faifai? Tana girgizawa, tsaki yana warewa gefe, gari yana zama gefe. Abin da hanyar mota ke yi wa buhunka ke nan, daga Kaduna zuwa Gusau.

Takin NPK da ake haɗawa a masana'antun Arewa, irin 20-10-10, gauraya ce ta abu huɗu: yuriya, fosfet da ake kawowa daga Maroko, fotash, da ƙwayoyin dutsen farar ƙasa na cike. Ba narka su aka yi suka zama abu ɗaya ba, cuɗa su kawai aka yi. In yuriyar ƙwayarta milimita uku ce, fotash ɗin kuma ya zo da gari-gari, to tun a saman tsibi za su rabu: manya su mirgina gefe, ƙanana su taru a tsakiya. Manomi ya watsa, kunya ɗaya ta sami naitirojin zalla, wata ta sami fotash. Ƙara lokacin juyawa a injin ba ya magance wannan. Maganin shi ne a tankaɗe kowane ɗanyen kaya kafin a haɗa, a tabbatar girman ƙwayoyinsu ya yi kusa da juna, a rage tsayin da kayan ke faɗowa lokacin zubawa.

Me ya sa kuke matsa wa mutane a kan danshi?

Domin shi ne ke sa fulawa ta yi fumfuna da tsutsa, siminti ya yi gudaji, yuriya ta koma dutse a buhu. Kuma ruwa nauyi ne da kake biya a farashin gari.

Hanyar yau da kullum ita ce a auna samfur, a sa shi a tanda mai zafin digiri 105 har nauyinsa ya daina raguwa, a sake aunawa. Fulawa akan ba ta digiri 130 na awa ɗaya, kuma ba a so ta wuce kashi 14 cikin ɗari. Amma tanda ba ta san ruwa ba, duk abin da ya tashi take lissafawa. Garin citta ko na kanumfari zai zubar da mansa mai ƙamshi, ka ɗauka ruwa ne. Ga irin waɗannan, da yuriya, da kayan da danshinsu ɗan kaɗan ne, akwai hanyar da masanin sinadaran Jamus Karl Fischer ya wallafa a 1935, wadda ke kama ruwa shi kaɗai.

Yanayinmu ma yana da hannu. Yuriya takan fara shan ruwa daga iska idan laimar iskar ta haura kashi 70 da wani abu cikin ɗari, abin da watan Agusta ke kawowa kullum. Da hunturu kuwa akasin haka ne, kana auna samfur a sikeli kana ganin lamba tana sauka don yana bushewa a gabanka, ga gari yana tsalle yana manne wa cokali da jikin roba. Shi ya sa nake cewa a kawo samfur a kwalba ko leda mai kauri da aka ɗaure tam, ba a takardar siminti ba.

Buhu biyu, kowanne kilo 50, amma ɗaya ya fi cika. An rage ne?

Ba lallai ba. Mai sayen gari a kasuwa ya san sirrin, shi ya sa yake so a girgiza mudu, mai sayarwa kuma ba ya so. Iska ce a tsakanin ƙwayoyin.

Mu ma girgiza mudun muke yi, da lissafi. Mu zuba giram 100 a kwalbar awo a hankali, a ce ya kai mililita 200. Injin ya rinƙa ɗaga kwalbar yana saki, tak-tak-tak, sau ɗaruruwa, har ya daina sauka, a ce a 150. Ka raba 200 da 150, ka sami 1.33. Wannan lamba ana kiranta da sunan Hausner, kuma idan ta wuce 1.25 alama ce garin zai ba da wahala wajen zuba. Yashi busasshe kusan ba ya sauka, garin madara kuwa ya yi ta nitsewa.

Akwai kuma gwajin tozo. A zuba gari ta mazurari ya yi tsibi, a auna gangararsa. Ƙasa da digiri 30 kaya ne mai kwarara, sama da 45 sai an taimaka masa. Duk wanda ya ga bambancin tozon gero da na garin dawa a bakin mudu ya riga ya fahimci gwajin.

Rumbun ƙarfenmu yana toshewa, sai an doke shi da guduma. Laifin garin ne?

Ka shiga masana'anta ka ga gindin rumbu duk ya lotse da duka, ka san an gina shi ba a tambayi garin da zai zauna a ciki ba. Toshewa iri biyu ce. Ko gari ya lanƙwashe kamar baka a saman ƙofar fita ya riƙe kansa, ko ya huda rami a tsakiya kamar na ɓera, na tsakiya ya zube, na gefe ya zauna wata da watanni yana tsufa. Andrew Jenike na Jami'ar Utah a Amurka ya fitar da hanyar lissafin wannan a 1964: a danne samfur da nauyi daban-daban, a auna ƙarfin da zai sa ya zame a kan kansa da kuma a kan ƙarfen bangon, daga nan a san faɗin ƙofa da tsayuwar gangara da ake bukata. Guduma sau da yawa ƙara cusa garin take yi. Kuma ko da wasa kada mutum ya shiga ciki ko ya tsaya a ƙasa yana zungura, bakan yana rushewa ne lokaci ɗaya.

Me 32.5 da 42.5 da ke jikin buhun siminti ke nufi?

Ƙarfin da simintin zai kai ne bayan kwana 28. A ɗakin gwaji ana kwaɓa giram 450 na siminti da giram 1,350 na yashi na musamman da giram 225 na ruwa, a zuba a ƙananan ma'aunai masu faɗin milimita 40 da tsawon 160, a ajiye su a ruwa, a ranar da ta cika a matse su a injin har su fashe. Lambar 42.5 tana nufin kowane santimita murabba'i ya ɗauki fiye da kilo 400 kafin ya karye. Harafin R yana nuna yana yin ƙarfi da wuri, N kuma na yau da kullum.

Kafin kwana 28 su cika, masana'antu irin na Kalambaina a Sakkwato, Ashaka a Gombe, Obajana a Kogi ko Malbaza a Nijar ba zama suke yi suna jira ba. Suna duba laushi akai-akai da na'urar Blaine, wadda ke auna yadda iska ke ratsa dannannen gari, suna duba lokacin daskarewa da allurar Vicat. Kilinka, wato gudajin da ake niƙawa su zama siminti, da aka gasa a zafin digiri 1,450 in aka niƙa ta ita kaɗai, tana taɓa ruwa za ta kama, shi ya sa ake niƙa ta da ɗan jifsum, wani farin ma'adini mai jinkirta daskarewa, don mai gini ya sami lokacin aiki. Wannan duka ƙarfin ranar fita ne daga masana'anta. Buhun da ya kwana uku a ƙasa cikin damina ba ruwansa da lambar da ke jikinsa.

Me ya sa ake wahalar mayar da gari ƙwaya-ƙwaya bayan an niƙa shi?

Don ya zuba da kyau, ya rage ƙura, ya daina rabuwa. Akan yayyafa wa gari ruwa ko wani abu mai danƙo ana juyawa har ya mulmule, kamar yadda ake murza garin dambu, sannan a busar. Kayan da ba ya son ruwa akan matse shi tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa ya fito falle, a farfasa a tankaɗe. Garin madara da na sabulun wanki kuwa daga ruwa suke, feso su ake yi cikin hasumiya mai iska mai zafi su sauko a bushe. Yuriyar da masana'antar Dangote ta Lekki ke yi, wadda aka ƙaddamar a 2022, irin mai manyan ƙwayoyi ce, kamar milimita biyu zuwa huɗu, ta fi jure dakon mota fiye da tsohuwar iri mai ƙanana. Ana gwada hakan da matse ƙwaya ɗaya-ɗaya har ta fashe.

Da gaske ne fulawa ko sukari na iya fashewa?

Da gaske ne. A ranar 7 ga Fabrairu, 2008, ƙurar sukari ta fashe a matatar Imperial Sugar da ke Port Wentworth a Jihar Jojiya ta Amurka, mutum 14 suka mutu. Tun a 1878 ƙurar fulawa ta tarwatsa injin niƙa na Washburn a Minneapolis, ta kashe 18. Sukari a kwano ba ya kamawa da sauƙi, amma in ya zama ƙura a iska, kowace ƙwaya tana kewaye da iskar da za ta ƙone ta, sai duka su kama lokaci ɗaya. In wurin a rufe yake, bango ne zai tafi. Abin da ya fi kisa ma shi ne fashewa ta biyu: ta farko ta girgiza ginin, ƙurar da ta shekara a kan katako da bututu ta tashi, ita ma ta kama. Kwanciyar ƙura da ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba ta isa, in ta mamaye wuri mai faɗi.

Ana gwada ƙarfin fashewa a cikin wata tukunyar ƙarfe mai zagaye mai cin lita 20. Siminti da garin farar ƙasa ba sa ci. Sitaci, garin katako, gawayi da garin alminiyom suna ci, na ƙarshen ma ya fi muni. Share ƙura da iskar kwamfuresa ganganci ne.

Ƙurar da ba ta fashewa fa, ba ta da illa?

Zamfara ta amsa wannan. A 2010 aka gano yara sama da 400 sun rasu a ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a busashe, a cikin gidaje, da injin irin na niƙan hatsi. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar dutse mai silika kuma huhu take ci a hankali, shekaru kafin tari ya bayyana, kuma wadda ta fi illa ita ce wadda ido ba ya gani, ƙasa da maikiron goma. Niƙa da ruwa da zuƙe ƙura tun daga bakin injin sun fi ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci nesa ba kusa ba.

In takarda ta ce kaya ya ci gwaji, shi ke nan na huta?

Ya ci gwajin da aka yi masa, ba wanda ba a yi ba. Furotin, alal misali, ba kai tsaye ake auna shi ba. Hanyar Kjeldahl, wadda ta samo asali tun 1883, naitirojin take aunawa, sai a ninka da 6.25, ko 5.7 in alkama ce. A ƙasar Sin a 2008 wasu suka gane haka, suka tsarma madara da ruwa suka zuba melamin, sinadarin da kashi biyu cikin ukunsa naitirojin ne. Gwaji ya ce furotin ya cika. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda, shida suka rasu a lissafin hukuma. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta ta amsa.

Saboda haka in ka kawo kaya, ka gaya mana abin da kake zargi. "A gwada mini komai" ba tambaya ba ce. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: in kalar ta canja, ko wari, ko kuma farashin ya yi arahar da ba ta dace ba, faɗa mana, daga nan za mu san inda za mu duba.

Ina zan kai samfur, kuma me zan yi in wurare biyu suka ba ni amsa daban?

Ya danganta da kayan. Abinci da magani suna ƙarƙashin NAFDAC, ƙa'idojin siminti da sauran kayan masana'antu na hannun SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya. Ga ma'adinai akwai ɗakunan gwaji na Hukumar Binciken Ƙasa a Kaduna, jami'o'i irin ABU Zariya ma suna karɓar aiki, ga kuma masu zaman kansu. In don fitar da kaya waje ne, ka tambaya ko suna da shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakin gwaji ta duniya, ka kuma tambaya ko gwajin da kake so yana cikin waɗanda shaidar ta ƙunsa, don sau da yawa ba duka ba ne.

In amsa ta bambanta, kafin ka zargi kowa ka duba abu uku: shin samfur ɗaya aka raba musu ko kowa nasa aka ɗebo, shin hanya ɗaya suka bi, shin kuma sun lissafa a kan busasshen nauyi ne ko yadda kayan ya zo da danshinsa. Wannan na ukun kaɗai ya sha haɗa mai saye da mai sayarwa faɗa. Tun ranar ɗiba ka raba samfurin gida uku a gaban wakilin ɗaya ɓangaren, ɗaya naka, ɗaya nasa, na uku a rufe bakinsa, ku biyun ku sa hannu a kai, a rubuta kwanan wata da lambar mota, a ajiye shi inda rana da laima ba sa kaiwa.